Baƙin Man Jif ɗin Marigayi

Litinin, 5 ga Mayu

Yau ma jif ɗin ta bar ɗigon baƙin mai a bakin shago. Maƙwabciyata mai takalma ta nuna min wurin da baki, wai kada wani ya zame. Na ce mata duk wanda ɗigo ɗaya ya kayar dama bai yi niyyar tsayuwa ba. Na watsa yashi a kai.

Da motar nan aka ɗauko Auta daga asibiti ranar da na haife shi, ga shi yau har da gemu. Tun rasuwar baban yaran nan ni ke tuƙa ta. Da ita nake ɗauko katan-katan na zare da maɓallai da zik daga wurin 'yan sari, don gwiwar nan tawa ta daina hawa motar haya tuntuni. In babu jif babu shago. Wannan kowa a gidan nan ya sani.

Da yamma na biya wurin Dogo bakanike. Ya zaro sandar da ake auna mai, sai ta karye biyu a hannunsa. Ya tsaya yana min murmushi kamar ya yi abin kirki. Da filaya ya ciro guntun, ya toshe bututun da roba, ya ce zai nemo wata a wurin masu tsofaffin kaya. Na ce to kafin nan da me zan san yawan man? Wai da kunne. In ta fara ƙara ko jar fitila ta kama, in ƙara mata kaɗan.

Mutum ya karya maka abu, sannan ya ba ka aiki.

Laraba, 7 ga Mayu

Dogo bai samo ba. Wai irin tawa ta yi wuya, duk motocin sa'anninta sun zama tukwane.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na tara 'ya'ya cin abincin rana, na tashi da ciwon kai.

Manaja, babbansu, tun daga ƙofa ya tsallake ɗigon man kamar ya ga kashi. Ba a gama zuba abinci ba ya fara. Wai man da nake sa mata ya yi kauri, na zamanin da ne, da safe kafin ya zagaya inji ƙarfe ya gama cin ƙarfe. Shi akwai wanda yake sa wa tasa motar, mai lamba biyar-talatin, tsararo kamar ruwan shayi, wai shi ne mai na gaske. Auta ya ɗago kai daga waya ya ce a'a Yaya, wannan in aka zuba wa tsohon inji ta kowace kafa zai tsiyaye, akwai na tsakiya, goma-arba'in, wanda aka yi musamman don motar da ta sha tafiya. Nas, 'yata ta tsakiya, ba ta san komai a kan mota ba, amma don kada a bar ta a baya ta ce ita dai ta ji ana sayar da wani abu mai danƙo kamar zuma da ke toshe yoyo.

Wanda ke zaune a ofis yana sa hannu a takarda, da mai gyaran waya, da mai yi wa mutane allura. Su ne za su koya min motar da ta yi ta kai su makaranta da majina a hanci.

Na ce musu ubanku ashirin-hamsin ya zuba mata tun ranar da ya sayo ta har ya koma ga Allah, kuma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Na ce matsalar yaran yanzu ke nan, duk abin da suka tarar sai sun canza shi, ba don ya lalace ba, don kawai ba su suka kawo shi ba. Na yi magana mai tsawo. Ba wanda ya ɗago kai.

Sai Manaja ya ajiye cokali. Zan rubuta yadda ya faɗa don kada gobe a ce ƙari na yi:

"Mama, ba gardama na zo yi ba. Motar nan ta sake tsayawa da ke a titi, zan sayar da ita. Ki rufe shagon ki dawo wurinmu, ɗaki na nan."

Ɗaki na nan. Ɗakin da suke ajiye keken motsa jiki da tsofaffin akwatuna. In zauna ina jiran matarsa ta ga dama ta kai ni unguwa.

Na ce daga yau duk wanda ya taɓa murfin injin motar nan ban yafe ba. Na maimaita, ina kallon su ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, 12 ga Mayu

Ba wanda ya kira. Tarbiyya ke nan.

Laraba, 14 ga Mayu

Da safe na ji kamar tana ɗan ƙara, kas-kas-kas, daga can ƙasa. Na ɗauko galan ɗina na bayan ƙofar kicin da mazurari na ƙara mata. Ban cika hannu ba, daidai yadda babansu ke yi. Igiyar buɗe murfin ta daɗe da tsinkewa, da wata wayar ƙarfe ake ja ta ragar gaban motar, ko mukulli ba a buƙata. Ita ma sai an gyara. Komai sai an gyara.

Motar ta yi shiru. Kunnena bai tsufa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Nas ta biyo daga aiki da rana, ina kwance ina hutar da gwiwa. Ta auna min jini, ta ce ya hau, in rage faɗa. Na ce a rage ba ni dalili. Ta ce za ta shanya min wanki a tsakar gida, ta daɗe ƙwarai. Zani uku ne fa. Yarinya tun tana ƙarama aikin minti ɗaya sai ta mai da shi na yini. Da ta dawo sai wanke hannu take ta yi da sabulun wanke-wanke. Aikin asibiti ya sa mata tsantseni har ya zama ciwo.

Asabar, 17 ga Mayu

Na je sari. A hanyar dawowa, a kan gangaren gada, jar fitilar mai ta ƙyafta sau ɗaya ta ɗauke. Ban faɗa wa kowa ba, wa zan faɗa wa? Duk wanda ya ji, Manaja ya ji.

Da na isa gida na bari ta huce na ƙara mata.

Auta ne ya sauke kayan. Ya tsaya yana shinshina bayan motar kamar kare, ya ce Mama ba ki jin ƙauri? Na ce ƙaurin da nake ji na wanda ya kai shekarunsa bai yi aure ba ne, yana kwana a ɗakin da aka yaye shi. Ya ɗauki katan ya wuce.

Wataƙila na ɗan yi zafi. To amma gaskiya ce.

Lahadi, 18 ga Mayu

Manaja ya zo da kansa, abin mamaki, wai ya kawo min maganin shafawa na gwiwa. Ya ce in shiga ciki in shafa tun yana nan ya ga ko ya karɓe ni. Ya zauna waje yana waya. Da na fito har zai tafi, na ga ɗan tabo a hannun farar rigarsa. Na ce matarka ba ta duba kayanka kafin ka fita? Ya ce biro ne.

Bai ambaci sayar da mota ba. Ni ma ban ambata ba. Maganin yana da wari amma yana aiki.

Talata, 20 ga Mayu

Hayaƙi. Shuɗi-shuɗi, daga salansa, duk lokacin da na taka. A danja wani mai babur ya matso ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce Hajiya ko kifi ake bandawa a baya? Na ce masa ya je ya tambayi uwarsa. Astagfirullah. Amma shi ya jawo.

Fitilar ta ƙyafta sau da yawa yau. Tana shan mai ke nan fiye da da. In tana ƙona shi haka, dole ta nemi ƙari. Na ƙara.

Na kira Dogo a kan sandar awo. Wai an samo wata amma ta ɗan fi tsayi, yana jiran wata. Na ba shi labarin hayaƙin, ya ce ai tsufa ne, ringin cikin inji ne suka saki, in ci gaba da ba ta mai kauri kada in bari ta ji ƙishi. Aƙalla shi ya san girman abin da ya tarar.

Laraba, 21 ga Mayu

Ɗigon bakin shago ya zama ɗan tafki. Mai takalma ta kawo min bokitin yashi ta ajiye ta koma shagonta. Gara ta yi magana.

Alhamis, 22 ga Mayu

Auta ya tashi da wuri yau, abin da bai taɓa yi ba sai an yi ta bugun ƙofa. Na fito na same shi a tsakar gida wai yana wanke min mota. Na ce lafiya? Ya ce lada yake nema. Na ce lada tana cikin jin maganar uwa, ba cikin soso ba. Amma ya wanke ta tas, har tayoyi.

Na lura wayar buɗe murfi ta ɗan lanƙwashe ba yadda nake barin ta ba. Na tambaye shi, ya ce soso ne ya kama ta.

Asabar, 24 ga Mayu

Sai yanzu na samu zama in rubuta.

Na ɗauko kaya cike da bayan mota, har da kujerar baya. Ina tsakiyar shataletalen babbar kasuwa fitilar ta kama ja, ta ƙi ɗaukewa. Motar ta fara shaƙewa tana tari, hayaƙi ya turnuƙe har ban ga motar da ke bayana ba, sannan ta mutu. A tsakiyar titi. Aka yi ta danna min oda kamar ni na ƙera ta. Wani ya leƙo ya ce tsohuwa a kai ta gidan tarihi mana, ban san ni yake nufi ko motar ba, ban kuma tambaya ba. 'Yan dako suka tura ni gefe.

Auta na kira, na ce kada ya faɗa wa kowa. Kafin motar ja da za ta kai ta garejin Dogo ta iso sai ga Manaja, sai ga Nas da kayan aiki a jikinta. Wannan yaro cikinsa ba ya riƙe ko ruwa.

Manaja bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da na samu abin kamawa. Ya kwashe kayana ya zuba a tasa motar, ya buɗe min gaba. Sanyin motarsa har cikin ƙashi. Muna tafe ya ce akwai wani mai sayen irin waɗannan don kayan gyara, zai zo garejin Dogo ranar Litinin ya gani. Ya ce ba don ya ɓata min ba ne. Na juya ina kallon taga har gida.

Kayan gyara. Su feɗe ta su rarraba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban fita ba. Wurin da take tsayawa a tsakar gida sai baƙin tabo. Na share shi, na sake sharewa.

Duk laifin zamani ne. Mai ma yanzu algus ake yi masa, galan ɗaya ba ya aikin da rabi ke yi a da.

Litinin, 26 ga Mayu

Zan rubuta wannan a tsanake don raina yana tafasa.

Muka hallara a garejin Dogo, ni da su ukun, da mai sayen, wani gajere mai tauna tsinke yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙofofi kamar mai zaɓen kankana. Ya ce kafin ya yi magana a juye man ya ga ko akwai garin ƙarfe a ciki. Dogo ya shiga ƙarƙashi da bahonsa, ya kwance noti.

Mai ya fara zuba. Ya yi ta zuba. Bahon da Dogo ya ce yana ɗauke juyen motar nan har da saura ya cika ya fara tumbatsa. Ya yi ihu a miƙo masa wani. Na biyun ma ya kusa rabi kafin ya tsaya. Kuma ba baƙi ba ne kamar yadda aka saba, wani ruwan ƙasa-ƙasa ne mai kumfa, wani wuri tsararo, wani wuri yana jan zare.

Dogo ya fito yana goge wuya, ya kalli bahon, ya kalle mu. Ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin motar da ke haihuwar mai ba. Ya ce in mai ya yi yawa haka inji kaɗa shi yake ya zama kumfa, kumfa kuwa famfo ba ya iya tura ta, shi ya sa fitila ke kamawa kamar babu mai alhali ya yi yawa. Sauran kuma ya nemi hanya ta sil, robar da ke hana yoyo, da salansa. Na ce ba kai ka ce kada in bari ta ji ƙishi ba? Ya ce ai bai ce a shaƙe ta ba. Ya tambaya wa ke zuba mata.

Yaran suka kalli juna. Sai ƙarar guduma daga can gefe.

Nas ce ta fara. Ta ce ita gwangwani biyu kawai ta zuba na mai danƙon nan, ranar da ta zo auna ni da wata ranar, don yoyon ya tsaya kada Yaya ya gani. Auta ya ce shi ma ya ɗan ƙara na tsakiyan, ba sau ɗaya ba, tunda ya ji ƙauri ya ɗauka ƙonewa take. Duk muka juya ga Manaja. Yana ta kallon takalminsa. Can ya ce nasa ai mai kyau ne, mai tsada, ya zuba ne don ya taimaka wa na cikin.

Shi. Mai cewa zai sayar. Ya tura ni shafa magani ya zagaya yana ba ta mai.

Na buɗe baki. Na ce ashe ɓarayi na haifa, masu shiga bayan uwarsu. Na ce na hana, na ce ban yafe ba, kuka mai da maganata iska. Na ce da ɗayanku ya zo ya same ni ya faɗa min gaskiya da duk wannan bai faru ba. A gaban Dogo da mai tsinke na faɗa, ban rage murya ba.

Nas ta bari na kai aya. Sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta ɗago ido ba:

"Mama, da ana iya faɗa miki magana, da an faɗa."

Na ce me kike nufi? Ta dai kalli hannuna, inda baƙin mai ya maƙale a gefen farce ya ƙi fita. Na mai da hannun cikin mayafi.

Ba wanda ya tambaye ni ko na zuba. Ba a tambaye ni ba, ban faɗa ba.

Mai tsinke ya tsoma yatsa a baho ya murza, ya ce babu garin ƙarfe, injin da ransa, shi kuwa gawa yake saye amma zai iya taimaka mana. Manaja ya ce masa a bari tukuna, za a kira shi. Ya raka shi bakin titi. Ya daɗe bai dawo ba.

Talata, 27 ga Mayu

Da ana iya faɗa miki. Ni da na raine su ni kaɗai, ban bar ɗayansu ya lalace ba. Da ban tsare gida da faɗa ba da yanzu ina suke? Rashin kunya ce kawai aka yi mata kwalliya.

Ban yi barcin rana ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Dogo ya kira. Sil biyu sun tafi, fulogai sun jiƙe, ya canza su da filta. Sandar awo ma ta samu, ashe da an matsa masa tana samuwa. Saura mai. Ya ce in aiko da wanda nake so, amma iri ɗaya, kuma hannu ɗaya ya riƙa zubawa.

Na kira Manaja in ji inda aka kwana a kan mai tsinke. Ya yi ta kewaye-kewaye, aiki ya yi yawa, lambar mutumin ma ta ɓace masa. Can ya ce ai tsayawar da ta yi ba laifinta ba ne, don haka ba za a ƙirga ba. Na ce dama. Ya ce amma in ta sake. Na ce na ji, sai an jima.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na je shagon mai. Auta ya raka ni don galan yana da nauyi, ba don komai ba. Ya tsaya a bayana, ko da mai shagon ya tambaye shi sai ya nuna ni. Ashirin-hamsin na nan a inda yake kullum. Na ɗauka, na juya shi, na ajiye. Sun canza masa galan, mariƙin ba ya shiga hannu da kyau.

Goma-arba'in na ɗauko, mai hoton tsohuwar mota a jiki. Mariƙinsa ya fi daɗi.

Auta ya buɗe baki, na kalle shi, ya rufe.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ta dawo jiya. Babu hayaƙi. Da safe tana tashi da bugu ɗaya, kuma ƙarar nan ta farko ta ragu, ko da yake wataƙila sabbin fulogai ne.

Yau na fito auna mai. Na tayar da ita ta ɗan yi ɗumi, na kashe, na zaro sandar nan take kamar yadda na saba. Ta nuna ƙasa da layi. Har na juya zan ɗauko mazurari.

Auta yana bakin ƙofa da kofin shayi. Na ga yana ta sauya ƙafa. Sai ya ce, Mama, kada ki zuba. Ya ce inda nake ajiye ta gangare ne, hancinta yana sama, kuma in an kashe inji sai an jira man ya sauko kafin a auna. Ya faɗa da sauri, ya ja baya kaɗan, kamar mai jiran a jefe shi da wani abu.

Maganganu sun zo min har baki, da yawa, masu kyau kuwa. Maƙogwarona ne dai yake ɗan damuna kwanan nan.

Na shiga na gyara mata tsayuwa zuwa gindin katanga inda ƙasa ta daidaita. Muka tsaya muna jira. Ya miƙo min shayinsa, na kurɓa, sukari ya yi yawa, na sake kurɓa. Na sake aunawa. Daidai kan layi.

Ban ce ya fi ni gaskiya ba. Na dai ce masa ranar Asabar in zan auna ya fito ya riƙe min murfin, tunda ƙarfen da ke tokare shi ba shi da tabbas.